Jika talatin aka taya akwatin faya-fayan Baba

Ranar wata Asabar cikin watan Maris na bara, na dawo gida da rana tsaka ɗauke da takardun yara da zan gyara, sai na iske baƙo a zaure. Ƙanena ne ya kawo shi. Mutum ne mai fara'a, da ƴar jaka a kafaɗa, kuma daga jin Hausarsa ka san ba ɗan Maraɗi ba ne. Bayan mun gaisa ya ce an faɗa masa marigayi mahaifinmu direba ne, ya yi shekaru yana hanyar Kotonu. Shin ko ya bar tsofaffin faya-fayan garmaho? In akwai, shi mai saye ne.

Akwai kuwa. Suna cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Inna, rabon da a buɗe shi tun kafin rasuwar Baba. Da na shiga na gaya mata, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba. Ta ce, "Wanga tarkace? Ku ba shi, ku rage mini kaya cikin ɗaki. Mi za a yi da su, tunda abin juya su ya mutu tun kana goye?"

Muka fito da akwatin, mutumin ya zauna bisa tabarma yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ni aikina koyarwa ne, shekara goma sha ɗaya ke nan tun da na fito makarantar horon malamai, kuma in akwai abin da aji ya koya mini, shi ne gane fuskar mai ɓoye wani abu. Manyan faya-fayan Shata, waɗanda na zata su ne zai yi rawar jiki a kansu, kallo ɗaya ya yi musu ya aje. Na Indiya ma haka. Amma da ya zo kan wasu ƙanana masu koɗaɗɗen kwali, sai ya riƙa karkata su wajen haske yana duba wani abu kusa da ramin tsakiya. Guda bakwai ya ware gefe. Can kuma sai ya sake cusa su cikin sauran kamar bai ware ba, ya ce zai ɗauki akwatin gaba ɗaya jika talatin.

Jika talatin ba ƙaramin kuɗi ba ne ga malamin firamare, balle wata ya yi nisa. Na yi shiru ina lissafin abin da za su yi mini, ba wai ciniki nake ba. Shi kuma ya ɗauka ƙin sallamawa ne, ya ce to, hamsin. Nan ne jikina ya ba ni. Mai sayen tarkace ba ya ƙara kusan ninki tun ba a buɗe baki ba. Na ce masa kayan gado ne, sai na shawarci ƴan'uwa. Ya bar lambarsa ya tafi.

Baba ya fara shiga babbar mota a farkon shekarun 1970, yaron mota ne kafin ya zama direba. Hanyarsu ita ce Maraɗi zuwa Dosso, a sauka Gaya, a ƙetare gadar kogin Isa zuwa Malanbil, a miƙe har Paraku inda jirgin ƙasan Kotonu ke tsayawa. Wani sa'in sukan zarce har bakin teku. In ba can ba, to Kano ta hanyar Jibiya da Katsina. Daga Kano ya kwaso Shata da waƙoƙin finafinan Indiya. Daga Kotonu kuma ya riƙa zuwa da ƙananan nan. Inna ta ce ba wai yana jin harshensu ba ne, kiɗan ne ke masa daɗi, kuma suna da araha. Yana da garmaho mai aiki da batir, in ya dawo tafiya sai a shimfiɗa tabarma ƙofar gida bayan isha'i, samarin unguwa su taru ana shayi.

Kaset ne ya kashe wannan zaman. Ya fi araha, ba ya tsoron ƙura, kuma ana iya sa shi cikin mota ana tafiya. Da allurar garmahon ta lalace Baba bai ma nemi wata ba. Mu kuma da muka taso muka mai da wasu faya-fayan abin wasa. Mun yi tayar mota da su, mun yi gasar wanda zai wurga nasa ya wuce katanga. Akwai wanda ya daɗe yana aikin murfin tulu. Da na ƙidaya abin da ya tsira a daren da baƙon ya tafi, guda 94 ne.

A daren nan ban yi gyaran takardu ba. Waya na ɗauka na shiga intanet, kuma kwana da kwanaki ina wannan karatun.

Abu na farko da na gane shi ne faifai iri uku ne, kuma duka ukun akwai su cikin akwatinmu. Akwai tsohon mai nauyi da ke juyawa sau 78 a minti ɗaya, wanda in ya faɗi ƙasa sai ya tarwatse kamar tangaran. Akwai babban na roba mai juyi 33 da ɗoriya, wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948, yana ɗaukar waƙoƙi da yawa. Sai ƙaramin mai juyi 45 da kamfanin RCA Victor ya fito da shi a 1949, yawanci waƙa ɗaya a kowane gefe. Bakwai ɗin da baƙona ya ware duk irin wannan ƙaramin ne.

Na biyu, abin da muka binne ƙarƙashin gado mu a nan, a wasu ƙasashe ya farfaɗo. A Amurka, cikin shekarar 2022 an sayar da sababbin faya-fayai kimanin miliyan 41, alhali CD miliyan 33 aka sayar. Rabon da faifai ya wuce CD a yawan ciniki a can tun 1987. A gefen sababbin kuma akwai kasuwar tsofaffi, ta masu tarawa, kuma a nan ne ake jin kuɗin da ke sa mutum ya riƙe baki. A watan Disamba na 2015 an yi gwanjon wani faifan ƙungiyar Beatles ta Ingila, wanda ake kira farin kundi, mallakar makaɗinsu Ringo Starr, mai ɗauke da lamba 0000001. Dalar Amurka 790,000 aka saye shi. A farkon shekarar kuma mawaƙi Jack White ya biya dala 300,000 ya sayi faifan gwaji da Elvis Presley ya ɗauka a 1953, tun duniya ba ta san shi ba.

Mai karatu kada ka yi saurin tashi ka nufi ɗakin kakarka. Waɗannan biyun babu na biyunsu a duniya, shi ya sa. Yawancin tsofaffin faya-fayai ba su kai kuɗin kwanon shinkafa ba, ko a Turai. Tsufa kaɗai ba ya sa daraja. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni wuyar fahimtar da ƴan'uwana, don mu a tunaninmu duk abin da ya daɗe, kuma sananne ne, shi ne mai tsada.

A wannan kasuwa abin kusan a juye yake. Cikin akwatinmu akwai “Sweet Mother” ta Prince Nico Mbarga, wadda ta fito a 1976 daga kamfanin Rogers All Stars na Anacha. Babu gidan rawa a Afirka da ba a sa ta ba, an buga ta miliyoyi. To, don haka ɗin ne ba ta da tsada, ko'ina akwai ta. Na James Brown da Jimmy Cliff da Baba ya saya su ma haka, an buga su kamar ƙasa. Abin da masu tarawa ke bi shi ne wanda aka buga kaɗan, ya ɓace, sannan daga baya mutane da yawa suka so shi. Ƙaranci shi kaɗai bai isa ba, sai an samu masu nema. Faifan da saura guda uku a duniya amma babu mai son jin sa, kuɗinsa bai wuce na robar da aka yi shi da ita ba.

Akwai wani shafi mai suna Discogs, an kafa shi a Amurka a shekarar 2000, wanda ya zama kamar babban rajistan faya-fayan duniya. In ka rubuta sunan mawaƙi ko lambar da ke jikin tambarin, zai nuna maka mutum nawa suka ce suna da shi, mutum nawa ke nema, da mafi ƙanƙantar kuɗi da mafi yawan da aka taɓa sayar da shi a shafin. Da ka ga masu nema sun ninka masu riƙe da shi sau da yawa, to ka riƙe naka da kyau. A nan na gane abin da baƙon ke dubawa kusa da ramin tsakiya. A filin da babu waƙa, tsakanin zare na ƙarshe da takardar tambari, akwai ƴan lambobi da aka zana cikin robar tun a masana'anta. Da su ake bambanta bugun farko da wanda aka sake bugawa daga baya, kuma tazarar kuɗi tsakaninsu takan yi yawa ƙwarai.

Biyar daga cikin bakwai ɗin na ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kotonu ne. Ni sunan ma ban taɓa ji ba sai ranar. Ƙungiya ce da Clément Mélomé ya jagoranta tun ƙarshen shekarun 1960, ta haɗa kiɗan gargajiyar kudancin ƙasarsu da irin na James Brown, ta ɗauki waƙoƙi ɗaruruwa. Wasu ta yi su ne da kamfanin Albarika Store, wanda ke kai su ɗakin ɗaukar sauti na EMI a Legas. Wasu kuma da ƙananan kamfanoni, na mutum ɗaya da ƴan kuɗinsa, waɗanda kan buga kwafi ƴan ɗaruruwa su tsaya. Uku daga cikin namu a jikin tambarinsu “Dahomey” aka rubuta, wato kafin a sauya wa ƙasar suna zuwa Benin a ƙarshen 1975.

To yaya aka yi kiɗan da aka manta da shi a Kotonu ya zama abin nema a Jamus da Japan? Wasu ƴan tsirarun mutane ne suka yi aikin. A 2002 kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da wani tarin tsofaffin kiɗan Gana mai suna “Ghana Soundz”. Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa a birnin Frankfurt, ya yi ta yawo a Benin da Togo yana tono faya-fayai a ɗakunan ajiya, yana neman mawaƙan da suka rage da rai. A 2008 ya fitar da “African Scream Contest”, sannan ya bi da tarin waƙoƙin Poly-Rythmo. Dattawan ƙungiyar suka sake haɗuwa, suka zaga Turai, har suka yi sabon kundi a 2011. Haka aka yi wa William Onyeabor na Inugu a 2013. Duk lokacin da aka sake fitar da irin wannan, sai dubban mutane su ji, wasu daga cikinsu kuma su ce su na asalin suke so. Daga nan sai dillalai su bazu gari gari, har su iso zauren gidanmu.

Mu ma a Nijar abin ya taɓa mu. Mamman Sani, mai kiɗan nan na ogan ɗin lantarki da iyayenmu suka saba ji tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, ya ɗauki kundinsa a 1978 a kaset, kwafi kaɗan ƙwarai. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi a faifai, duniya ta san shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sai da wani ya taso daga Portland kafin mu tuna muna da shi.

Na uku cikin abin da ke yanke kuɗi shi ne lafiyar faifan, kuma a nan ne ƙasarmu ke cutar mu. Masu tarawa suna da matakai, daga wanda ba a taɓa sawa ba, zuwa mai ɗan amo kaɗan, har zuwa wanda allura ke tsalle a kansa. Saukowa mataki ɗaya na iya raba kuɗin biyu. Kwalin ma ana lissafa shi daban. Mu kuwa zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya lanƙwasa roba cikin ɗakin kwano. Ƙurar hunturu ta shiga cikin zaren, allura ta bi ta kanta ta goge sautin. Gara ta cinye kwali. Baba, Allah ya jiƙansa, kwance ya jera su ɗaya bisa ɗaya, alhali a tsaye ake aje su kamar littattafai.

Ni ma na ƙara nawa. Cikin ɗoki, kafin in gama karatun, na ɗauki ɗaya daga cikin bakwai ɗin na wanke shi da ruwan omo, na shanya bisa katanga don ya bushe. Na shiga sallar azahar na fito, na iske ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Wallahi har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare ni. In kana da su, kada rana ta gan su. Tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta sun isa, a bi da'irar zaren a hankali, kada ruwan ya taɓa takardar tsakiya, a bar shi ya bushe a inuwa. Kananzir da fetur kuwa ko kusa. In ma sayarwa za ka yi, gara ka bar shi da ƙurarsa, mai sayen ya fi ka sanin yadda zai wanke.

Da na fahimci akwai kuɗi cikin akwatin, sai wata matsala ta taso wadda ban yi zato ba. Lokacin rabon gadon Baba an ƙidaya gida da gona da tsohon babur, amma babu wanda ya ambaci akwatin, don babu wanda ya ɗauke shi dukiya. Da na karɓi jika hamsin ɗin nan na sa aljihu, da na ci haƙƙin mutum shida ban sani ba. Na je wurin malamin da ya yi mana rabon, ya ce duk abin da mamaci ya bari mai ƙima na magada ne, ko an manta da shi ranar rabo. Na tara ƴan'uwa. Babban yayanmu ya ce shi kuɗin kiɗa ba ya so, in an sayar a ba Inna rabonsa. Yayata da ke aure a Tasawa ta bugo waya ta ce, "Malam, ku saida duk abin da za ku saida, amma na Shata kada a taɓa. Muryar da Baba ka so ke nan." Babu wanda ya yi mata gardama.

Ko da ba ta faɗa ba, kasuwa ta riga ta yanke. Faya-fayan Shata na kamfanin EMI da muke da su guda tara ne, kuma su suka fi shan allura, duk sun kwarzane. Masu neman su a waje ba su kai masu neman kiɗan rawa na bakin teku ba, don masu sa kiɗa a gidajen rawan Turai ganga da jita suke so. Darajar Shata kuwa a cikin maganarsa take, wanda bai ji Hausa ba kalangu kawai zai ji. Wannan ya nuna mini cewa farashin da ake gani a intanet ba ma'aunin girman mawaƙi ba ne, ma'aunin abin da masu kuɗin wata ƙasa ke sha'awa ne a wannan lokaci. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. In mu da muke jin abin da suka faɗa ba mu adana faya-fayansu ba, babu dillalin da zai zo ya yi mana.

Sayarwar ma ba ta zo da sauƙi ba. Ganin farashi a waya daban, kuɗi a hannu daban. Daga Maraɗi, aika kaya Turai ta hanyar da ba za su fashe ba yana da tsada, karɓar kuɗin ma wani aiki ne, ga shi mai saye a can bai san ka ba balle ya yarda da kai. A nan na rage jin haushin baƙona. Yana biyan mota da masauki, yana shiga gida goma bai samu komai ba, yana sayen akwati ɗari don guda biyar. Ba sata ya zo yi ba, ciniki ya zo yi, sai dai shi ya san abin da ke cikin akwatin, mu ba mu sani ba.

Wani abokina da muka yi makarantar horon malamai tare, wanda yanzu ke zaune a Beljiyam, shi ya taimaka. Ya zo hutu da damina, ya tafi da guda shidan da suka rage cikin jakar hannu, na naɗe kowane da tsohon kwalin alli. Ya kai su shaguna biyu na masu tsofaffin faya-fayai. Biyu an ce sun ƙarzu da yawa, ba a taya ba. Huɗu sun shiga, kuma ɗaya daga cikinsu, na wani ƙaramin kamfani da ko a Discogs mutane ƙalilan ne suka ce suna da shi, shi kaɗai ya kawo fiye da rabin kuɗin. Jimilla yuro 410, wato kimanin jika 269. Ba dukiya ba ce, amma ta ninka tayin farko kusan sau tara, kuma sauran akwatin yana nan. Kafin su tafi na ɗauki hoton kowane gaba da baya, na kuma roƙi abokin nawa ya sa mai shagon ya juye mana sautin ya turo ta WhatsApp. Ya turo uku.

Mun raba kuɗin yadda malam ya lissafa. Inna ta haɗa tumuninta da rabon yaya ta sayi tunkiya. Ranar da na sa mata ɗaya daga cikin waƙoƙin a waya, ta saurara har ƙarshe ba ta ce komai ba, sannan ta ce wannan ita ce Baba ke sawa in ya dawo da tsarabar gari da man ja.

Sauran guda 87 da biyun da aka dawo da su yanzu suna ɗakina, a tsaye cikin akwatin katako, nesa da taga. Na rubuta sunan kowane da lambarsa cikin wani tsohon littafin kiran suna. Baƙon ya sake bugo waya sau biyu, na gaya masa gaskiyar abin da aka yi, ya yi dariya ya ce malaman makaranta ba su da daɗin ciniki. Garmahon Baba kuma na kai wa wani mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya ce injin zai tashi, allura ce babu, ya yi sallahu Kano wata biyu ke nan.